Na ji ɗana yana cewa "kaya sun iso", hankalina ya tashi

Wata uwa daga Jekadafari, Gombe:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ɗana na fari shekararsa 17. Jiya bayan isha'i ina tankaɗen gari a tsakar gida, shi yana zaure yana waya, sai na ji ya rage murya ya ce: "Baba, tsohuwa na gida, bari sai an jima. Kaya sun iso?" Na zaci da mahaifinsa yake, ashe abokinsa ne. Tsohuwar kuma ni ce, ni da ban cika 40 ba. Wannan na haɗiye, amma kalmar "kaya" ta hana ni barci. In tsare shi da tambaya, ko in gaya wa babansa? Babansa mai zafin hannu ne.

Wani saurayi daga Pantami:
Mama, Allah ya ba ki haƙuri. "Tsohuwa" a bakinmu ba raini ba ne, ni ma haka nake kiran mahaifiyata a cikin abokai, amma ba a gabanta ba. "Baba" kuma aboki ne kawai. Haka maganarmu take. In mun ce wane ya ɗau wanka, ba ruwa da sabulu muke nufi ba, ado ya yi. In mun ce an wanke shi, damfararsa aka yi. In mun ce mugu ne a ƙwallo, yabonsa muke.

Malamin Hausa a wata sakandare, Bauchi:
Hajiya, wannan shi muke kira sara. Samari kan ɗauki kalmar gida su ɗora mata sabon nauyi, wani lokaci don ƙawa, wani lokaci don kada manya su gane. Dubi "ƙwaya": kakanninmu ta hatsi suka sani, yau kuwa in an ce yaro yana shan ƙwaya, kowa ya san ba gero ba ne. "Caji" daga batir ta fito, ta koma buguwa. Ita "kaya" ta fi wuya, don tana ɗaukar komai: rigunan ƙwallo, takalma, waya, har da abin da kike tsoro. Kalma ɗaya ba ta isa a yanke wa yaro hukunci ba.

Wata ma'aikaciyar jinya, Bolari:
Yaya, ban raina maganar Malam ba, amma rage muryar nan ita ta tsaya mini a rai. Tun da gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, sayar da shi ya koma ɓoye, sunayen ma suka ƙara lulluɓewa. Ki bar kalma, ki kalli yaron. Idonsa na yin ja? Yana barcin rana fiye da da? Kuɗin cefane na ɓacewa? In kin share ɗakinsa, ki duba ko akwai ƙananan kwalabe a bayan katifa. Kuma ki san su wa yake zama da su, kin san yadda 'yan kalare, wato 'yan daban Gombe, ke jan yara a garin nan.

Uwar ta dawo:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ban ga ko ɗaya cikin alamun nan ba, sai dai yana kai goma da rabi a waje. Ba zan gaya wa babansa yanzu ba. Gobe in ya zo cin tuwo zan zauna kusa da shi, in ce na ji batun kaya, ya nuna mini su in gani.