Bushewar ido ta hana ni ɗinki, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni tela ne a kusa da Kasuwar Dole, nan Damagaram. Shekara 2 ke nan idanuna suna bushewa, kamar an watsa mini rairayi. Da asuba sai na yayyafa ruwa kafin fatar idon ta buɗu. Abin mamaki, hawaye kuma na zuba. Likita ya ce haka bushewar take: maiƙon da ke hana hawaye ƙafewa ne ya ragu, shi ya sa ido ke ambaliya.

Ya rubuta mini maganin ɗigawa, sau 4 a yini, ya ce in riƙa ɗora tsumma mai ɗumi a kan ido minti 10. Ina yi. Na bar kwalli, na juya fanka ta daina hura mini fuska. Da damina na samu sauƙi, amma hunturu na shigowa da ƙurarsa komai ya dawo. Bayan la'asar ko zare ba na iya zurawa a allura, sai yarona ya zura mini.

Ɗigon ma yanzu yaji yake yi mini. Akwai wanda ake sayarwa cikin 'yan ƙananan robobi, a yi amfani sau ɗaya a yar, marar sinadarin adanawa. Don Allah wa ya gwada shi? Ana samunsa a nan, ko sai an aika Kano ko Yamai?