Wane suna za mu ba "ruissellement" da Hausa?

1/ Ƴan uwa masu fassara da masu aikin rediyo a Yamai, ga wata kalmar Faransanci da ke ba mu wahala kowace damina: "eaux de ruissellement". Ruwan saman da ƙasa ba ta shanye ba ke nan, wanda ke bin kwano da kwalta da siminti ya gangara kogi da duk abin da ya tarar a hanya.

2/ Da yawa a labarai sukan ce ambaliya. Ban yarda ba. Ambaliya sai ruwa ya fi ƙarfin mazauninsa ya ci gidaje, kamar yadda kogin Isa, wato Kwara, ya yi mana a 2020. Wannan kuwa ko ba a rasa katanga ɗaya ba yana nan yana aikinsa.

3/ Wani malami ya kawo "kwararar ruwa", wani ya ce "malale". Malam, Allah ya ƙara sani, duka Hausa ce mai kyau, amma tafiyar ruwan kawai suka faɗa. Kayan da ya ɗauko fa?

4/ A tsaya bakin Gunti Yena, kwarin da ya ratsa Yamai, bayan ruwan farko a gani. Leda baƙa da fara, duk da dokar 2014 da ta hana ta, baƙin man da bakanike ya zubar a ƙasa, kashin dabbobi, ruwan kwata, ragowar takin lambu, duk su bi kwarin su faɗa kogi wajen gadar Kennedy. Launinsa kamar kunun kanwa, warinsa kuma ba sai an faɗa ba. Ƙasa da nan akwai masunta, akwai gonakin shinkafar Saga, akwai yara masu wanka.

5/ Shawarata: ɗaurayar gari. Ba gidan da ba a san ruwan ɗauraya ba. An san daga sama tsabtatacce ya zo, dattin abin da ya wanke ne ya ɓata shi, kuma ba mai sha. Ruwan farkon damina, wanda ya fi kowane dauɗa saboda tarin watannin rani, sai mu ce ɗaurayar fari.

6/ Wata Hajiya ta ce ai mu ba mu da teku, gurɓatar gaɓar teku ba damuwarmu ba ce. Hajiya, ruwan da ya wuce Gaya Najeriya yake shiga, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, ya ƙare a Tekun Atlantika. Ledar kasuwar Katako tana iya kaiwa can. Ƙasashe 9 ke cikin hukumar kula da kogin, cibiyarta kuma a nan Yamai take.

7/ Inda kalmar ta gaza shi ne karkara, inda ruwan ke kwasar ƙasar gona da taki da maganin ƙwari. Can "gari" bai dace ba. Mutanen Tawa da Ader, ku da kuke jera duwatsu a gona don tare shi, me manomanku ke kiransa?