Musayar waƙa: alƙalamin matan ɗaka

'Yar Kawo:
Sallama gare ku, na zo da batu,
Kan matan Arewa masu rubutu.
A 1980 Zariya ta buga
Littafin So Aljannar Duniya na Hafsatu.
Sai ga na soyayya a tebur-tebur,
Haya ake ba mu, mu sha karatu.

Malam na Tudun Wada:
Ƙanwata, sannu, amma saurara,
Littattafan nan sun ɓata yara.
Yarinya kan cusa shi cikin hijabi,
Ana darasi, hankali ya yi gaba.
A Kano, 2007, aka tara su,
Aka cinna wuta don a gyara.

Hajiya ta Rigasa:
Malam, baitinka na huɗu ya karye,
Ka nemo amsa-amo ka ɗaura.
Wutar nan kuwa na san da ita,
Hukumar A Daidaita Sahu ce ta hura ta.
Balaraba Ramat tana 'yar 13
Aka yi mata aure, ba makaranta.
Ta koma aji da girmanta,
Budurwar Zuciya ta rubuta.
Alhaki Kuykuyo Ne ya biyo baya,
Kan mai sakin mata ya bar 'ya'yanta.
A 2012 can ƙasar Indiya
Aka buga shi da Turanci, an karanta.
Mu da muka koyi haɗa baƙi da shi,
Faɗa mana, Malam, wa aka cuta?

Malam na Tudun Wada:
Hajiya, na durƙusa, ban ja da ke ba,
Balaraba daban ce, ban musa ba.
Na yanzu nake nufi, na cikin waya,
Wanda hukumar tacewa ba ta gani ba.
A WhatsApp sai an biya a shiga zaure,
Batsar da ke ciki ba ta faɗuwa ba.

Auta ta Unguwar Rimi:
Baba, da tsakuwa cikin shinkafa,
Tsincewa ake yi kafin a dafa.
Nana Asma'u ta tura jaji, mata malamai,
Ƙauye-ƙauye da waƙa da malfa.
Gasar Hikayata ta BBC tun 2016
Ga mata zalla ta buɗe ƙofa.
Amma zauren nan na mata ne, Baba,
Wa ya biya maka har ka sa ƙafa?