Kashe abubuwa a Task Manager: gyara ne ko ɓarna?

Sani Agege: Jama'a, ni ina nan a kan bakana. Kwamfuta in ta fara nauyi, a danna Ctrl+Shift+Esc a buɗe Task Manager, wato tagar da ke nuna duk abin da ke gudana a Windows, duk abin da ba a san shi ba a kashe. Haka nake yi a shagona na buga takardu, kuma nan take take sakin jiki.

Malam Habu Ikeja: Sani, irin wannan shawarar ce ke kawo mana aiki a Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Makon jiya wani ɗalibi ya zo da kwamfutarsa hankali a tashe. Ya ga svchost.exe sun yi layi, ya ɗauka ƙwayar cuta ce, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Sauti ya ɗauke, Wi-Fi ya ɓace, ƙarshe allo ya koma shuɗi, aikin da bai adana ba ya tafi. Svchost na Windows ne, shi ke ɗauke da hidimominta. Tun sabuntawar Windows 10 ta 2017, in RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ya haura 3.5GB ana raba hidimomin kowace da nata svchost, shi ya sa suke da yawa.

Sani Agege: To Malam, in na ga RAM ya cika fa? In zuba ido kwastoma na tsaye a kaina?

Bilkisu Idi-Araba: Yaya Sani, ba a ce kada ka taɓa komai ba. Ka danna kan layin CPU ko Memory, mai cin da yawa zai hau sama. Sau da yawa Chrome ne da shafuka ashirin a buɗe. Rufe shi ta hanyarsa. Ni abin da ya fi taimakona shi ne sashen Startup, na hana tarkace tashi tare da na'urar.

Usman Yaba: Ko mu masu Linux muna da wannan cutar. Yaro ya buɗe htop, irin Task Manager ɗinmu na Linux, wadda Hisham Muhammad ya ƙirƙira a 2004, ya ga abu ya maƙale, sai kill -9, umarnin kashe manhaja nan take da ƙarfi. Wannan ba ya ba manhaja damar tattara kayanta. Kill na yau da kullum roƙonta yake ta rufe da kanta, shi ake fara gwadawa.

Sani Agege: Duk na ji, amma ku ba ku da layin mutane da janareta na shan mai. In Word ya daskare, End task ne kawai mafita.

Malam Habu Ikeja: A nan ba mu da jayayya, abin da ka buɗe da hannunka ka kashe shi. Wanda ba ka sani ba kuwa, sauke Process Explorer na Microsoft, kyauta ne, zai nuna maka kamfanin da ya yi shi da inda yake zaune. Duba min layin Disk yanzu, nawa yake nunawa?

Sani Agege: 100%, kusan kullum haka yake.

Malam Habu Ikeja: Ciwon naka tsohon faifai ne. Kawo ta ranar Asabar mu sa mata SSD, sabon nau'in faifai mai sauri, ka kwafe takardun mutane kafin ka taho.