Abin da na tsinta a muhawarar motsi

Bayan Isha'i a majalisarmu ta Gusau, wani ɗalibi ya tambaya ko motsin taurari hujja ne na samuwar Allah. Yawanci sun ba shi shawarar kada ya rataya hujjarsa a kan motsi kaɗai. Aristotal, masanin falsafa na tsohuwar Girka, ya ce kowane motsi da mai motsa shi, har a tuƙe ga na farko, Ibn Rushd, malamin falsafa na Andalus, ma ya bi shi. Sai dai tun 1687 Niyuton, masanin kimiyya ɗan Ingila, ya bayyana cewa abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai an tare shi, wato ci gaban motsi ba ya buƙatar mai turawa. Wani dattijo ya ce, "Ɗana, nemi Ibn Sina, malamin falsafa Musulmi, shi samuwar abu ya tambaya, ba motsinsa ba." Wannan ta fi kwanta mini, ko da yake malamin kimiyyarmu bai gamsu ba.