Wa ya ƙirƙiri Batman, Bob Kane ko Bill Finger?

Malam Habu: Jama'a, har yanzu ina kan bakana cewa Bob Kane ne ya ƙirƙiri Batman. Bayan Superman, jarumin labaran zane, ya samu karɓuwa a Amurka a 1938, Kane ne ya kai wa edita Vin Sullivan tunanin jarumi mai siffar jemage, kuma tun fitowar jarumin a mujallar Detective Comics ta 27 a 1939, sunansa kaɗai aka riƙa bugawa. Wanda ya fara kawo tunani ai shi ne mai abu.

Hajiya Rabi: Malam Habu, a gafarce ni, amma a fara duba abin da Kane ya zana tukuna. Mutum ne sanye da jajayen kaya matsattsu, da ɗan abin rufe idanu, da fukafukai masu tauri a baya. Bill Finger ne ya ba da shawarar a sa masa hula mai kunnuwan jemage wadda ta rufe rabin fuska, a mayar da fukafukan alkyabba, a ƙara safar hannu, a kuma sauya jan ya koma ruwan toka da baƙi. Shi ya raɗa sunan Bruce Wayne, wato ainihin sunan Batman a labarin, inda ya haɗa sunan Robert Bruce, sarkin Sikotilan, da na janar Anthony Wayne na Amurka, shi ya sa wa birnin da jarumin yake zaune suna Gotham, shi ne kuma ya rubuta labarin kisan iyayen Bruce a gabansa yana yaro, wanda ya fito a fitowa ta 33 ta mujallar. Idan aka cire waɗannan, me ya rage wanda za a kira Batman?

Malam Habu: Hajiya, ban musa ba, amma Finger ma'aikacin Kane ne, kuma Kane ne ya sa hannu a yarjejeniya da kamfanin da ke buga mujallar.

Isuhu: Yaya Habu, yarjejeniya tana nuna wanda ya iya ciniki ne, ba wanda ya yi aikin ba. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, domin Finger ya rasu a 1974 cikin talauci, alhali Kane ya rayu har 1998 cikin suna da wadata. Shi kansa Kane, a littafin tarihin rayuwarsa na 1989, ya amsa cewa Finger bai samu yabon da ya cancanta ba.

Malama Zainab: Ina tare da Hajiya, sai dai kada mu mayar da Finger waliyyi. Labarin farko da ya rubuta ya kwaikwayo shi ne sosai daga wani labari na 1936 na The Shadow, wani jarumi mai yaƙi da masu laifi, kuma siffar attajiri mai ɓoye fuska da dare an riga an gan ta a Zorro, wani jarumin labari da ya riga Batman fitowa. Dukansu biyun sun ɗebo daga abin da suka taras.

Hajiya Rabi: Haka ne, Malama, amma ɗebowa daga na baya daban, goge sunan abokin aiki daban. Sai a 2015 kamfanin DC, mai mallakar Batman, ya amince a riƙa rubuta sunan Finger kusa da na Kane, shekara 41 bayan rasuwarsa.

Malam Habu: To, a lura da yadda suka rubuta shi: Bob Kane "tare da" Bill Finger, ba Kane "da" Finger ba. Ni dai har gobe sunan Kane nake gani a gaba.