Layin fosfo-ERK ya ƙi fitowa: wa ya taɓa shiga wannan hali?

Ɗaliba, Yamai:
Assalamu alaikum. Wata uku na yi ina jiran antikor (abin da ke gano furotin ya maƙale masa) na fosfo-ERK1/2, wato furotin ERK da fosfat ya hau kansa, alamar a farke yake; antikor ɗin yana kama guraben fosfat na Thr202/Tyr204. Ya iso cikin Afrilu, ƙanƙarar kwalin ta riga ta zama ruwa mai ɗumi. Sau huɗu ina yin westan bulot, gwajin da ke nuna furotin a matsayin layuka. ERK ɗin gaba ɗaya yana fitowa tas, layi biyu, masu nauyin 44 da 42 kDa, amma na fosfo ko alama. Zafi ne ya kashe shi? Wallahi abin yana hana ni barci, don ba ni da kuɗin sayen wani.

Malami, Yamai:
Wa alaikumus salam, ɗiyata. Kada ki yi saurin ɗora wa zafi laifi. Antikor ɗina ya taɓa kwana tara a hanya ba sanyi, kuma ya yi aiki. Antikor mai gilisarol kashi 50 yana da juriya fiye da yadda muke zato. Abin da ya ci ni a da shi ne fosfatas: kina fasa ƙwayoyin halitta, sai su fara tsinke fosfat ɗin da kike nema. Ki yi komai bisa ƙanƙara, ki zuba sodiyom ortobanadat da sodiyom fulorid, masu hana fosfatas aiki, cikin ruwan fasawa a lokacin, ba tun jiya ba. Da me kike toshe mambaran, takardar da furotin ke hawa, don kada antikor ya maƙale ko'ina?

Ɗaliba:
Da madarar gari cikin PBS, ruwan gishirin nan mai fosfat, Malam.

Ma'aikaciyar labo, Yamai:
To ƙanwata, fara daga nan. Madara tana da kazeyin, shi ma furotin ne mai fosfat. Ni baƙi ƙirin fim ɗina yake fitowa, sai da na koma BSA (furotin na jinin shanu) kashi 5 cikin TBST (ruwan gishiri mara fosfat), antikor ya kwana a digiri 4, sannan layukan suka bayyana.

Ɗan Tawa:
Ni kuran ne ya cuce ni. Wuta ta ɗauke, ta dawo, firiza ya narke ya sake daskarewa ban san sau nawa ba. Yanzu rarraba antikor ɗin nake cikin ƙananan tub, mikrolita goma goma, in binne su tsakanin gorunan ruwa daskararru. Amma ƴar'uwa, kin tabbata ERK ɗin a farke yake? Ki hana ƙwayoyin serom (ruwan jinin da ake ciyar da su) dare guda, da safe ki ba rabi EGF, sinadarin da ke tada ERK, minti biyar zuwa goma. In layi ya fito, ki gwada U0126, mai toshe MEK, furotin da ke ɗora wa ERK fosfat. In ya ɓace, to ERK ɗin gaske kike gani.

Ɗaliba:
Allah ya saka da alheri. Ban taɓa tada su da EGF ba, kuma babu ortobanadat a ruwana. Yaya, ko za ki iya sam mini BSA giram biyu kafin Litinin?

Ma'aikaciyar labo:
Ki biyo bayan la'asar, ki zo da kwalinki da ƙanƙara.